Kundin gyaran na'urar busar da tufafi wadda ta daina zafi

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Yau da safe uwargida ta buɗe na'urar busar da tufafi bayan ta yi awa ɗaya da rabi tana aiki, sai ta tarar da kayan a jiƙe kamar yadda aka zuba su, kuma da sanyi ƙalau. Gangar tana juyawa, fitilar gaba tana ci, maɓallin lokaci ya yi tafiyarsa har ƙarshe, amma ko ɗumi babu a ciki. Na ƙudura in duba ta da kaina kafin in nemi mai gyara, in kuma riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani, domin na san halina: bayan mako guda ba zan tuna wace waya na cire daga ina ba.

Na'urar irin mai bututu ce, wadda ke fitar da iskar da ta ɗebo danshi zuwa waje ta cikin bango. Ba irin mai tara ruwa a tanki ba ce, ba kuma irin ta zamani mai aiki da iskar gas kamar firji ba, kuma wannan ya sauƙaƙa mini al'amari, domin aikinta bai wuce abu uku ba. Inji ɗaya ne yake juya ganga da bel, shi ne kuma yake juya fanka. Fankar tana janyo iskar ɗaki ta bi ta kan hita ta yi zafi, ta ratsa tufafin da ke wuntsilawa a ganga, ta wuce ta ragar da ke tace ɓurɓushin zare, sannan a tura ta cikin bututu zuwa waje. Tun da ganga tana juyawa, inji da bel da makunnin ƙofa sun fita daga zargi. Saura hita da duk abin da ke kan hanyar wutar da ke zuwa gare ta.

Na fara da abin da ba ya bukatar sukundireba. Na tabbatar ba a bar maɓalli a kan iska mai sanyi ba, wadda ake amfani da ita don kaɗe kaya kawai. Na duba fulogi da soket, babu alamar ƙuna. A Amurka da Kanada, inda irin waɗannan na'urori ke karɓar bolt 240 daga layi biyu masu bolt 120 kowanne, inji yana cin layi ɗaya ne, hita kuwa sai da duka biyun, saboda haka idan layi ɗaya ya faɗi ganga za ta ci gaba da juyawa babu zafi, mutum ya yi ta kwance na'ura alhali laifin yana akwatin wuta. Tawa layi ɗaya take ci mai bolt 230, don haka wannan bai shafe ni ba.

Abu ɗaya uwargida ta faɗa wanda ban ba shi muhimmanci ba, amma zan rubuta shi. Ta ce, "Maigida, ai ta daɗe tana jan ƙafa. Tawul ɗin da a da awa ɗaya ke isar su, yanzu sai na maimaita, kuma saman na'urar kan yi zafi har ba na iya ɗora hannu."

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na zare fulogi daga bango, na ajiye shi inda idona ke ganinsa, na janyo na'urar, na kwance murfin baya. Kafin in taɓa ko waya ɗaya sai da na ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, na kuma liƙa wa kowace waya 'yar takarda mai lamba. Hitar tana cikin wani akwatin ƙarfe mai tsawo: murɗaɗɗiyar waya ce da aka rataye a kan ƙananan tangaran don kada ta taɓa jikin akwatin. Nikrom ake kiran wannan waya, gamin nikel kusan kashi 80 cikin ɗari da kuromiyam kusan kashi 20, wanda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906, kuma an zaɓe ta ne domin tana iya yin ja wur sau dubbai ba tare da ta rube ba. Duk da haka tana tsufa, ta sirance a wani wuri, wata rana ta tsinke, shi ya sa ita na fara zargi.

Ba a gane lafiyar hita da ido kaɗai, sai da mitar gwaji da ɗan lissafi. Takardar da ke liƙe a akwatin ta nuna nannaɗi biyu ne a ciki, babba mai wat 1400 da ƙarami mai wat 800, jimla 2200. Idan an zaɓi zafi kaɗan ɗaya ne ke ci, idan an zaɓi mai yawa su ci tare. Turjiyar da ya kamata kowanne ya nuna, wato yawan tarewar da waya ke yi wa wutar da ke bi ta cikinta, wadda ake aunawa da om, tana fitowa idan aka ninka bolt da kansa aka raba da wat, lissafin da ya samo asali daga dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827. Bolt 230 sau 230 ya ba da 52,900. A raba da 1400, a sami kusan om 38. A raba da 800, a sami kusan om 66.

Na fara haɗa bakunan mitar biyu da juna don in ga abin da wayoyinta ke ci, suka nuna 0.3, wanda zan riƙa cirewa daga kowane awo. Sannan na zare wayoyin da ke zuwa hita, domin idan aka auna abu yana haɗe da sauran, wutar mitar tana iya zagayawa ta wata hanya ta nuna lafiya inda babu. Babban nannaɗi ya nuna 38.4, ƙarami ya nuna 66.9. Na sa baki ɗaya a ƙafar hita, ɗaya a jikin akwatin da babu fenti, mitar ba ta nuna haɗuwa ba, wato wayar ba ta saki ta kwanta a kan ƙarfe ba. Hita lafiyarta ƙalau, zargina ya faɗi.

Na koma kan masu gadin zafi, su uku. Na farko tamostat ne da ke kusa da fanka, a hanyar iskar da ke fita, an buga masa lamba 60; shi ne mai aikin yau da kullum, yana yanke wa hita wuta idan iska ta kai wannan zafi a ma'aunin Salshiyas, ya mayar idan ta huce. Na biyu tamostat ne a jikin akwatin hita mai lamba 120, wanda ba ya motsi sai zafi ya wuce kima. Na uku ɗan ƙaramin fis ne a saman akwatin, mai lamba 150, shi kuwa sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa: idan ya yanke, ya yanke ke nan. A sanyi dukkansu ya kamata wuta ta ratsa su. Na farko ya sa mitar ta yi ƙara, alamar wuta tana ratsa shi, na biyu ma haka. Da na zo kan fis, shiru. Na goge ƙafafunsa na sake gwadawa har sau uku, shiru dai.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na ba da odar sabon fis mai lamba daidai da ta tsohon, na bi lambar samfurin na'urar da ke rubuce a bakin ƙofa. Wanda ya fi shi lamba zai bari zafi ya wuce abin da aka tsara wa akwatin, wanda bai kai shi ba kuma zai riƙa yankewa ba gaira ba dalili.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in haɗa wayoyin fis ɗin biyu da juna, a ci gaba da shanya kafin sabon ya iso, musamman da kwandon wanki ya fara tumbatsa. Ban yi ba. Cikin na'urar nan cike yake da ɓurɓushin zare busasshe, wanda kama wuta ba ya yi masa wuya, kuma fis ɗin shi ne shinge na ƙarshe tsakanin jan waya da wannan makamashi. A wasu na'urorin an sa shi ne a hanyar inji, ta yadda idan ya yanke komai zai tsaya cik. A tawa hita kaɗai yake kashewa, shi ya sa ganga ta ci gaba da juyawa kamar ba abin da ya faru.

Da yamma na cire tamostat mai lamba 60, na maƙala masa bakunan mita, na hura masa na'urar busar da gashi dab da fuskarsa. Kafin minti ɗaya na ji ƙas, ƙarar mitar ta ɗauke. Na ajiye shi a kan tebur, bayan ɗan lokaci ya sake yin ƙas, ƙarar ta dawo. A cikinsa akwai ɗan faifai na ƙarafa biyu manne da juna, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa a zafi, sai faifan ya bankare ya ture makunni. Wannan yana aikinsa. Mai lamba 120 kuwa iskar busar da gashi ba za ta kai shi ba, sai na bar shi a kan shaidar da ya bayar a sanyi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Fis ya iso jiya. Na ɗaura shi, na mayar da wayoyi bisa lambobinsu, na rufe baya, na kunna. Cikin minti biyu ganga ta ɗau ɗumi. Na share ragar da hannu kamar yadda aka saba, aka zuba riguna, suka bushe, ko da yake sun ɗan daɗe. Na tura na'urar ta koma jikin bango, na tattara kayan aiki ina jin kaina gwani.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A zubi na huɗu, wanda tawul ne da zannuwan gado, zafi ya sake ɗaukewa. Na buɗe baya na auna, sabon fis ya bi sahun tsohon, kwana biyar kacal da ɗaura shi.

Na kira wani dattijo da ya daɗe yana gyaran kayan wuta, na kwashe labari na faɗa masa, har ina cewa wataƙila jabu aka sayar mini. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Fis bai yi maka laifi ba, aikinsa ya yi har sau biyu. Ka fita waje ka sa hannu a bakin bututu tana aiki?" Na ce, "A'a, Baba, ban yi ba." Ya ce, "To je ka yi, sannan mu yi magana."

Na kunna ta, na zagaya bayan gida. Marfin da ke bakin bututu, wanda iska ya kamata ta ɗaga shi sosai, da ƙyar yake motsi, iskar da ke fitowa kuwa ba ta kai hucin mai barci ba. Nan take maganar uwargida ta ranar farko ta faɗo mini: shanya mai jan lokaci da saman na'ura mai ƙuna. Da na tsaya na auna wannan magana, da ban yi asarar fis ɗaya da mako biyu ba. Hita tana zuba zafin wat 2200 ko iska ta zo ko ba ta zo ba, kuma iskar ce kaɗai ke kwashe shi. Idan ta ragu, zafin ba shi da wurin zuwa sai ya taru a akwatin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yini guda na yi ina bin hanyar iska daga farko har ƙarshe, kuma a wuri huɗu na same ta a shaƙe.

Na fara da raga, wadda a ido tsaf take, tun da ana share ta bayan kowane zubi. Dattijon ya ce in kai ta famfo in zuba mata ruwa. Da na yi, ruwan ya kwanta a kanta kamar a faranti, sai ɗiga yake yi kaɗan-kaɗan ta gefe. Maganin laushin tufafi yana barin wani siririn maiƙo da ba a gani, wanda a hankali yake liƙe idanun raga, kuma shafa da hannu ba ta cire shi. Na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, sai ga ruwa yana zuba ta cikinta shar. Na shanya ta ta bushe sarai kafin in mayar.

Na biyu shi ne ramin da ragar ke shiga. Na haska tocila na ga ƙasansa ya cika, sai na kwance murfin gaba na ƙasa don in isa gidan fanka. Abin da na ciro ya cika leda: ɓurɓushin zare da ya danƙare ya zama kamar bargo mai toka-toka, sama-sama da laushi, ƙasa kuwa ya sha danshi ya taurare har sai da na kankare shi da cokalin roba. A tsakiyarsa akwai safar yaro ƙafa ɗaya, wadda babu shakka ta faɗa ne wata rana da aka zare raga ana cikin kwashe kaya, ta tokare rabin bakin fanka, duk abin da ya biyo baya ya taru a kanta. Fukafukan fankar ma kowanne ya yi kauri da datti. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na riƙe sandar inji na girgiza fankar don in ga ko ta yi sako-sako, domin wadda ta ci zaren tsakiyarta takan zame, inji yana gudu ita tana bin sa a hankali. Tawa tana nan daram.

Na uku, kuma mafi muni, shi ne bututun kansa. Irin na roba ne mai lanƙwasa, mai zobba-zobba a ciki, tsawonsa kusan mita huɗu alhali tazarar ba ta kai biyu ba, ragowar ta naɗe a ƙasa kamar hanji. Daidai inda ya fito daga na'urar ya lotse, faɗinsa ya koma bai fi yatsu biyu ba, saboda duk lokacin da aka tura na'urar jikin bango sai ta matse shi. A nan dole in amsa laifina: ranar 8 ga wata ni da kaina na tura ta da ƙarfi, na ƙara danne shi, wanda wataƙila shi ya sa fis na biyu bai yi ko mako ba. Da na ɗaga naɗin da ke ƙasa, ruwa ya zubo kusan rabin kofi, tururin da ya huce a hanya ya kwanta, kowane zobe kuma ya riƙe nasa rabon na jiƙaƙƙen zare.

Na huɗu shi ne marfin waje, wanda datti ya liƙe maratayinsa. Wannan minti biyar ya ɗauke ni.

Ina cikin wannan aiki na lura zoben ƙyallen da ke toshe tsakanin bakin ganga da jikin na'ura ya cinye a gefe ɗaya, tsawon kamar tafin hannu. Tun da fanka janyo iska take yi, duk wata kafa a nan tana ba ta iskar ɗaki kai tsaye, wadda ba ta bi ta kan hita ba, sai abin da ke ratsa hitar ya ragu. Ɓarnar ba ta yi yawa ba tukuna, amma na rubuta shi cikin abin da za a saya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Tambaya ɗaya ta hana ni sakewa: me ya sa masu gadi biyu suka bari har zafi ya kai ga fis? Na mai lamba 60 ba shi da wuyar fahimta. Yana zaune ne a hanyar fita, kuma idan iska ba ta tafiya, zafin ba ya isowa gare shi da wuri, shi a ganinsa ganga ba ta yi zafi ba, sai ya bar hita tana ci. Nauyin duka sai ya koma kan mai lamba 120, wanda aka yi shi don ranar tsautsayi, ya zama shi ke kunnawa da kashewa ba dare ba rana tsawon watanni. Kowace yankewa tana haifar da ɗan tartsatsi a bakin makunninsa, kuma tartsatsi idan ya yi yawa yana iya narkar da bakunan su manne da juna. Tamostat ɗin da ya manne kuwa a sanyi ba shi da bambanci da lafiyayye, duka biyu ƙara mitar za ta yi.

Na gwada shi da dutsen guga. Na kafa dutsen fuskarsa tana kallon sama tsakanin bulo biyu, na sa shi a ɗigo biyu, wanda zafinsa ke kaiwa kusan digiri 150, na ɗora tamostat ɗin da filaya, bakunan mita suna maƙale da ƙafafunsa. Na jira minti ɗaya, biyu, har biyar. Na ji wani ɗan ƙas mai rauni, alamar faifan ya motsa, amma ƙarar mitar ba ta ɗauke ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ya manne. Yanzu na gane dalilin da ya sa ake yawan sayar da wannan tamostat da fis a ƙunshi ɗaya, abin da na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce lokacin da na ga haka kwanakin baya. Na ba da odar su biyun tare da zoben ƙyalle.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na jefar da bututun roba, na sa na ƙarfe mai santsin ciki, faɗin santimita 10 daidai da bakin na'urar, tsawonsa mita ɗaya da rabi da gwiwa ɗaya tak, domin kowace kwana tana rage wa iska ƙarfi. Na jera gaɓoɓin ta yadda kowace ke shiga cikin ta gabanta ta fuskar da iska ke tafiya, don kada zare ya sami leɓen da zai maƙale. Ban ɗaure su da sukuru ba, saboda tsininsa yakan leƙo ciki ya zama ƙugiya. Na naɗe su da tef ɗin alminiyam. A ƙasa kuma na kafa ɗan katako a bayan ƙafafun na'urar, ta yadda ko wa ya tura ta ba za ta wuce wurin ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fis da tamostat sun iso, zoben ƙyalle bai zo ba. Kafin in ɗaura sabon tamostat na hau da shi kan dutsen guga, bai yi minti ɗaya ba ya yi ƙas mai ƙarfi, mita ta yi shiru. Na ɗaura su, na rufe baya gaba ɗaya, domin idan murfi yana buɗe iska ba ta bin hanyarta, gwajin ya zama na banza, ga kuma haɗarin wayoyi tsirara.

Wannan karon ban yarda da ɗumin hannu ba. Dattijon ya ara mini mita mai baki irin na ƙaguwa, wadda ke auna wutar da ke bi ta waya ba tare da an yanke ta ba, da wata 'yar gajeriyar igiyar wuta da aka raba wayoyinta, domin idan aka kama igiya dukkanta, mai kai wuta da mai dawo da ita suna soke juna, mitar ta nuna sifiri. Wat 2200 a raba da bolt 230 ya ba da amfiya 9.6, a ƙara abin da inji ke ci, ya kamata in ga sama da 10. Na sa zafi mai yawa, na kunna. A waje marfi ya miƙe sosai, iska tana bugun tafin hannu. Mitar kuwa ta tsaya a 7.1.

Lissafi ya nuna mini inda zan duba. Babban nannaɗi shi kaɗai yana cin kusan 6.1, idan aka haɗa da inji an sami abin da nake gani. Ƙaramin ne ba ya ci, wanda rabonsa 3.5. Amma ai na auna shi ranar 2 ga wata ya nuna lafiya. Na zare fulogi, na jira akwatin ya huce, na buɗe, na sake aunawa: 66.9, bai canza ba. Sai na juya ga wayar da ke kawo masa wuta, na janye rigar robar da ke rufe bakinta. Rigar ta farfashe a hannuna kamar busasshen ganye. Bakin ƙarfen da ake sokawa a ƙafar hita ya yi baƙi ƙirin, ya saki har yana rawa, jan ƙarfen da ke bayansa kuma ya ƙone, silli biyu ko uku kaɗai suka rage, su ma sun rabu da na ɗan ja.

Hanyar gwajina ce ta ɓoye mini wannan. Na zare waya na auna abin da take ciyarwa, ita kanta wayar ban dube ta ba, kuma zarewa da mayarwa da na yi ta yi ya ƙarasa abin da zafi ya fara. Haɗin da ya saki yana zama 'yar ƙaramar hita: turjiyar om ɗaya kacal a hanyar amfiya 3.5 tana haifar da zafin kusan wat 12 a wurin da bai kai kan yatsa ba, zafin ya sassauta ƙarfen, sassautawar ta ƙara turjiya, haka dai har ya cinye kansa. Na yanke wayar baya har inda jan ƙarfenta ke ƙyalli, na matse mata sabon baki irin mai jure zafi, na kankare ƙafar hitar da takarda mai yashi. Ban yi amfani da dalma ba, domin irin wadda ake liƙin waya da ita tana narkewa tun wajen digiri 183, kuma tana yin laushi kafin nan, ba ta dace da jikin akwatin hita ba. Na bi sauran bakunan ɗaya bayan ɗaya ina ja, na sami ɗaya mai ɗan sako-sako a kan tamostat mai lamba 60, na matse shi da filaya.

Na rufe, na kunna. Mita ta nuna 10.6.

Asabar, 1 ga Maris

Mako guda ke nan, zubi bakwai, biyu daga ciki tawul ne. Na soka ma'aunin zafi a bututu dab da bayan na'urar na zauna ina kallo: zafi yana hawa har wajen 60, a ji ƙas, mitar ƙaguwa ta faɗo zuwa kusan 1, zafi ya sauko wajen 50, a sake jin ƙas, ta koma 10.6. Wato mai aikin yau da kullum ya karɓi aikinsa, na jikin akwatin hita kuwa ban ji motsinsa ba ko sau ɗaya. Tawul ɗin da suka kashe fis na biyu sun bushe cikin minti 55, saman na'urar kuma ɗumi kawai yake yi, uwargida ta ɗora hannu ta bar shi a kai.

Na mayar wa dattijon mitarsa da igiyarsa. Zoben ƙyalle an ce sai mako mai zuwa, kuma sa shi yana bukatar a cire bel a fito da ganga gaba ɗaya, don haka na ware masa Asabar ta gaba. Zan duba ƙafafun da gangar ke hawa a kansu tun da za su fito fili. Na liƙa takarda a gefen na'urar mai ɗauke da awon yau, 38.4 da 66.9 da 10.6, da ranar 1 ga Yuni, wadda zan sake wanke raga da sabulu in cire gwiwar bututu in leƙa ciki.